Fiton Motar Papa Ntim

Ranar da Papa Ntim ya sauka daga kan dutse zai je Kumasi ganin likita, da kansa ya tuƙa motarsa. An yi an yi da shi ya shiga ta haya, ya ƙi. Ya ce shekara arba'in yana hawa da sauka a dutsen Kwahu da wannan a-kori-kura, ba don ƙirji ya ɗan riƙe shi ne zai zauna a bayan wani yana kallon ƙeyarsa ba. Da zai tashi ya leƙo ta taga ya faɗa wa matarsa, Maame Oforiwa, abin da ya saba faɗa mata kullum: in ta ji fito ta ɗora ruwa. Bai dawo ba. A asibiti ya cika, aka kai shi firjin ajiye gawa, motar kuma ta zauna a ƙofar gidan 'yarsa Dufie a Kumasi, damina ta yi ta dukanta.

Fiton nan babu wanda bai san shi ba a Beposo, garinsu da ke kan dutsen. Duk sa'ad da direba ya ɗage ƙafa daga totur zai canja giya, sai motar ta ja wani siririn fito mai tsini, wanda yake tafiya nesa a cikin kwarin. A kwanar ƙarshe, wadda take ƙarƙashin gidansu daidai, dole ne a sauko da giya, don haka a nan ta fi yi. Tun idon Maame yana gani take ɗora wa mijinta ruwan wanka da wannan fiton. Da yanar ido ta rufe mata gani kuwa, sai ya zama shi ne abin da take gane dawowarsa da shi.

A wajenmu gawa ba ta gaggawa. Sai an yi wa gida fenti, an ɗinka kayan makoki ja da baƙi, an jira 'yan'uwan da ke ƙetare sun sami hutu. Watanni suka shuɗe ana wannan shiri, kuma a cikinsu duka Maame Oforiwa ba ta zubar da ɗigon hawaye ba. An faɗa mata rasuwar yadda ya kamata, tsofaffi suka zauna suka yi ta kewaye-kewaye kafin su kai ga maganar. Ta saurara har suka gama, sannan ta tambaya ina motar. Aka ce tana Kumasi. Ta ce to ai shi ke nan, yana Kumasi. Ta saka baƙin zanen da aka ba ta don kada a ce ta yi gardama, amma tawul ɗinsa bai bar kan igiya ba.

Mu kuwa, in mace ta rasa miji ba ta yi kuka ba, ba ma cewa ta cika haƙuri. Cewa muke ta san wani abu. Ƙannen Papa Ntim mata sun riga sun fara kus-kus a bayan ɗaki, suna tambayar juna me ya ci ɗan'uwansu alhali da ƙafarsa ya fita. Gidan da Maame take ciki na danginsu ne, tun da a wajenmu ɗa ba ya gadon uba, ɗan 'yar'uwa ke ci. In aka kawo gawa ran Juma'a, gari ya taru, matar mamaci ta zauna ido a bushe, to sunan mayya ya hau kanta ke nan, kuma kafin a share makoki za a sami dalilin da zai sa ta tattara tsummokaranta. Dufie ta san wannan sarai, shi ne abin da ya hana ta jin daɗin abinci.

Dufie mace ce da ta haura hamsin, mai rumfar bokitai da bahon roba a kasuwar Kejetia, irin matan da ba a yi musu tayin banza sau biyu. Ubanta bai sami ɗa namiji ba, don haka tun tana 'yar budurwa ita ce karen motarsa. Ita ke ɗaure gwaza da agade, ita ke tsalle ta sa dutse a bayan taya, a hannunsa kuma ta koyi tuƙi. Ta yi ta juya maganar uwarta a rai har ta tsaya a kan abu guda: tsohuwar nan ba bakin mutum za ta yarda da shi ba. Fito aka ce ta jira, fito take jira.

A taron dangi ta miƙe ta ce kowa ya san akwatin gawar uba haƙƙin 'ya'ya ne, to abin da zai ɗauki akwatin ma ita za ta zaɓa, kuma motar ubanta ta zaɓa. Aka yi ca a kanta. Wasu suka ce ga motocin gawa masu gilashi da jiniya, me zai sa a ɗora dattijo a abin da ake kai gwaza kasuwa. Nana, babban dangi, ya dubi Boadu. Boadu ɗan yayar Papa Ntim ne, shi ne magaji, motar ma yanzu tasa ce. Ya ce a bar masa, zai gyara ta yadda ba za ta ba dangi kunya ba. Da wannan Nana ya yarda.

Kada a ɗauka Boadu mugu ne. Mutum ne mai shagon siminti, mai son abu ya yi ƙyalli, kuma ya so kawunsa bakin gwargwado. Ya sa aka ja motar zuwa Suame, unguwar makanikai, aka yi mata fenti, aka sa tayoyi, aka sa batir, aka cire tsohon kafireto, abin nan da ke haɗa wa inji mai da iska, aka ɗaura sabo fil daga kwali. Da ya kawo ta ƙofar gidan Dufie har maƙwabta suka fito kallo. Makulli ɗaya ta tashi. Dufie ta shiga ta zagaya layin, ta ɗage ƙafa ta sa giya ta biyu, ta sa ta uku. Injin yana ta gurnani a hankali, lafiya lau, babu ko tari. Ta dawo ta tsaya, ta kashe, ta daɗe hannunta a kan sitiyari.

"Magaji, ina fiton?"

"Na yi maganinsa, 'yar Kawu. Ai ciwo ne. Mota ce ko tsuntsu?"

Ta tambaye shi tsohon kafireton, ya kaɗa hannu ya ce yana can Suame in ba a zubar ba. Da ta faɗa masa tana so a mayar da shi, sai dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce ta yi tunani. Da sabon nan mota za ta hau dutse ko da an ɗora mata giwa. Da tsohon kuwa, wanda ya kwana ya tashi cikin ruwan sama wata da watanni, in ta mutu a hanya da gawa a baya fa? Ta san abin da za a ce: mamaci ya ƙi tafiya. Nana zai karɓi kwalbar barasa ya zuba a ƙasa ya tambayi gawa wa ya ɓata mata rai.

"Kuma kin san wanda duk ido zai koma kansa," in ji shi. "Uwarki."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ta kwana da maganar tana auna ta. Sabon zai kai gawar ƙofar gida lami lafiya, ya sauke ta gaban matar da za ta ce wannan ba motar mijinta ba ce. Tsohon kuwa ko ya kai ko bai kai ba. Da sabon ta san ƙarshen labarin, kuma ba ta son sa. Da tsohon akwai ƙofa, ko da ƙarama ce. Da gari ya waye ta rufe rumfa, abin da ba ta yi ba ko ranar da ta yi zazzaɓin da ya kusa kai ta, ta nufi Suame.

Masta Adomako ne ya ɗaura sabon, dattijo mai furfura a gira, wanda ya san Papa Ntim tun motar tana da ƙuruciya. Ya yi mata gaisuwa, sannan ya ce ta makara, an haɗa tsohon da tarkace an kai wa masu zubin tukwane a bayan layi. Duk abin da ya mutu a Suame can yake ƙarewa, ya dawo a matsayin tukunyar miya. Dufie ba ta tsaya jin sauran ba. Ta bi ta cikin taɓon baƙin mai har inda hayaƙi ke tashi, ta tarar da wuta tana huci, ga tulin fistin da murafan inji da gwangwanaye ana jiran a narka. Ta ɗaure zane ta shiga tonawa da hannu. Da wata 'yar jar waya ta gane shi, wadda ubanta ya ɗaure mariƙin totur da ita tun tana karen mota, ya ce gobe zai sa ƙusa.

Mai zubin ya ce ba zai sayar ba, an riga an auna kayan zubin yau, in ya cire wani abu tukunya za ta fito da rami. Ta roƙa, ya ƙi. Sai ta juya ta tafi gida, ta dawo ɗauke da babbar tukunyarta ta miyar kwakwa, mai lafiya, wadda ta ninka kafireton nauyi, ta dire masa a gaba. Mutumin ya dubi tukunyar, ya dube ta, ya ƙyalƙyale da dariya. Ya kira abokan aikinsa su zo su ga abin da bai taɓa gani ba, 'yar Kwahu, mutanen da ba a cin ribarsu a ciniki, ta ba da abu mai kyau ta karɓi shara. Ya ce yau sai an yi ruwa da ƙanƙara. Ta ce masa ya yi ta dariya, ai Asante ba su iya komai ba sai dariya da jana'iza. Ta naɗe kayanta a gefen zane ta koma wajen Masta.

Masta bai yi murna da ganin sa ba. Ya juya shi a hannu, ya ce gyaran tsoho aikin wanda ba shi da sabo ne, ita kuwa tana da sabo, kuma mai kyau, shi da kansa ya zaɓa. Ta ce ta ji. Ya ce ciki ya yi tsatsa, mai ya bushe ya zama ƙaro. Ta ce ta ji. Ta jawo benci ta zauna a bakin rumfarsa, ta harɗe hannu, irin zaman da kowa ya gani ya san ba na tashi ba ne. Ya yi tsaki, ya aika aka kawo faranti da fetur.

Wanda bai taɓa ganin an buɗe kafireto ba zai ɗauka ƙarfe ne dunƙule guda. Masta ya warware shi a kan farantin nan har ya zama tarin 'yan ƙananan abubuwa, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ya jiƙa su, ya goge da tsohon buroshin haƙori. Ya zare silin waya ɗaya daga kebur ya bi ramukan da mai ke bi, yana ɗagawa ga rana yana leƙawa, yana hurawa da baki yana tofarwa. Akwai wani ɗan tulun tagulla da ke iyo a kan mai a ciki, ya kaɗa shi a kunne ya ji ruwa na motsi, alamar ya huje, ya tsiyaye shi ya liƙe da dalma. Da ya raba saman da ƙasan sai ga gasket ɗin da ke tsakani, ashe da kwalin sukari aka yanka shi, har rubutun bai gama gogewa ba. Masta ya ɗaga shi ya girgiza kai, ya ce aikin Ntim ke nan, mutumin da ya gwammace ya sha shayi babu kwali da ya sayi abin da zai iya yankawa. Dufie ta yi dariya, sannan ta kau da kai tana kallon hanya.

Aikin ya ci ranar, ya shiga ta biyu. Tana kawo masa dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, da soyayyen kifi, yana ci da baƙin hannu. A hankali aikin ya shiga ransa, ya daina gunaguni, har yana 'yar waƙar coci a hanci. Ya yanka sabon gasket da ƙaramar guduma. Ya sami inda sandar maƙogwaron kafireton ta cinye raminta saboda shekaru, ya sa aka fere masa zoben tagulla, ya buga shi a ciki, sandar ta zauna cif. Ya haɗa komai, ya cire sabon daga motar, ya ɗaura tsohon. Ta yi tari, ta yi hayaƙi, ta tashi. Ya murɗa nan ya murɗa can har injin ya kwanta. Ya goge hannu yana murmushi, ya ce ta je ta gwada, ko ranar da aka ƙera shi bai fi haka ba.

Ta fita da ita, ta ɗage ƙafa, ta canja giya. Shiru.

Ta dawo jiki a sanyaye ta tambaye shi ina fiton ya tafi. Ya ce ai shi ne ramin da ya toshe da tagulla, ta nan iska ke satar shiga tana fito. Sai a lokacin ya gane ba ingancin tsoho ta zo nema ba. Da ta ce ya cire zoben, ransa ya ɓaci ƙwarai. A Suame sunan mutum yana kan aikinsa. Mota ta fita daga rumfarka da ciwo, duk inda ta mutu sunanka za a kira, kuma shi tun da ya fara riƙe sufana ba a taɓa cewa ya mayar da cuta inda ya cire ta ba. Ya ce ta kai wa wani in ɓarna take so, suna nan da yawa, kyauta ma za su yi mata.

Dufie ba mai buɗe cikinta ga bare ba ce, amma ranar ta buɗe. Ta ba shi labarin ruwan wanka, da tawul ɗin da ke kan igiya, da abin da ake faɗa a bayan ɗaki. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙa ba, ta faɗa ne kawai. Masta ya daɗe yana goge sufanar da ba ta da datti. Can ya buɗe bonet, ya kwance aikinsa na kwana biyu, ya sa ɗan ƙarfe ya ƙwanƙwasa zoben ya faɗo a tafin hannunsa.

"Sista, in an tambaye ki, ba ki san ni ba," ya ce. "Kuma ki sani, da ramin nan a buɗe ba ta son tafiyar hawainiya. Kika ɗage ƙafa tana a hankali, za ta mutu."

"Na sani, Masta. Papa da diddige yake ɗan taɓa totur."

"To Papa ba ya nan."

Ya mayar da sabon cikin kwalinsa ya cusa a bayan kujera, ya ce zai bi su ran Juma'a da kayan aiki, ba don ita ba, don sunansa. Da ta tayar da motar ta ɗage ƙafa, fiton ya fito siriri kamar yadda ta san shi tun yarinta, har wani mai walda a can gefe ya ɗago kai.

Kwanakin da suka rage a kan sitiyari ta yi su. Ta je shagon Boadu ta ce ya ara mata buhunan siminti daidai nauyin akwati da mutum. Ya ce ta haukace, ta ce ta ji, ya sa aka loda mata. Ta sami wani hawa a bayan gari ta yi ta hawa tana sauka, tana koya wa diddigenta abin da ya manta. Motar ta mutu mata ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ƙafarta ta kumbura, ta gasa da ruwan zafi ta koma. Kafin Alhamis ta kai inda take hawa ba tare da injin ya yi ko gyatsa ba, ta mayar wa Boadu simintinsa ba buhu ɗaya da ya fashe.

Ran Juma'a da hantsi aka fito da Papa Ntim, aka ɗora akwatin a baya aka ɗaure, aka lulluɓe da ƙyalle mai tsada. Dufie a sitiyari da jan ɗankwali, Boadu a gefenta yana zufa tun ba a tashi ba, Masta a motar da ke bin su. Har Nkawkaw babu abin da ya faru. A gindin dutse ne direbobin tasha suka tare su, abokan aikin ubanta, suka shiga gaba da motocinsu suna busa ham. Ta aika a ce musu su ɗan taka, aka dawo mata da amsa cewa ba a sa gawa sauri. Suka fara hawa a hankali, kwana bayan kwana, daji a dama, rami a hagu, diddigenta yana aikinsa. Duk canjin giya motar sai ta yi fito, tsofaffin direbobi suna leƙowa ta taga suna nuna ta da yatsa.

Abin da ba ta lissafa da shi ba shi ne mutanen gari. Sun sauko tarye har kwanar ƙarshe, 'yan badujala da kakakinsu, mata da ja da baƙi sun cika hanya suna kaɗa hankici. Motocin gaba suka tsaya cak. Dufie ta taka birki a tsakiyar hawa, ta ɗage ƙafa, motar ta ja fito mai tsawo wanda ya keta kiɗan ya haura sama. Ta kai diddige ga totur, ta makara da ƙiftawar ido. Injin ya yi tari, ya girgiza, ya mutu.

Boadu ya dira ya sa dutse a bayan taya. Ta murɗa makulli, ta sake murɗawa, sai kukan sitata kawai. Kakaki ya yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Daga nan maganar ta fara yawo daga baki zuwa baki, ƙasa-ƙasa: ya ƙi tafiya, ya ƙi shiga gida. Babbar ƙanwar mamacin ta ce, yadda kowa zai ji, a tambaye shi mana wa ke cikin gidan da ba ya son gani. Nana ya gyara mayafinsa ya miƙa hannu aka sa masa kwalba. Masta ya iso da gudu ya zura hannu bayan kujera yana jawo kwali, amma ko shi ya san aikin zai ɗauki lokacin da babu. Dufie ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba. Abin da aka gargaɗe ta a kai shi ne ya faru, kuma da hannunta ta jawo wa uwarta.

Nana ya buɗe kwalbar ke nan sai aka ji murya daga sama, muryar tsohuwa mai faɗa.

"Ntim! Kullum a nan, kullum a nan. Sau nawa zan ce maka kada ka ɗage ƙafa a kwanar nan? Ruwa har ya tafasa."

Maame Oforiwa ce take saukowa, ƙafa ba takalmi, baƙin zane a ƙirji, hannu ɗaya yana bin gefen dutse. Tsohuwar da aka sa ta zauna da ita tana biye tana haki, ta kasa riƙe ta. Mutane suka dare. Ta zo tana mita, tana cewa mutum ya tafi ganin likita ya share wata da watanni ko saƙo babu. Hannunta ya sami bonet, ta shafa, ta ɗan tsaya da ta ji santsin sabon fenti, sannan ta bi gefen har ta kai taga. Ta kama hannun da ke kan tagar. Ta matsa shi, ta bi shi har wuyan hannu, ta taɓa awarwaro.

"Wace ce wannan?"

"Ni ce, Maame. Dufie."

"Ina direban?"

Dufie ta ce, "Yana baya, Maame."

Tsohuwar ta saki hannun. Ta bi jikin motar da tafinta a hankali, ta wuce ƙofa, ta kai inda ake loda gwaza. Ta taɓa igiya, ta taɓa ƙyalle, ta zura hannu ƙarƙashinsa ta sami katako. Ta shafa tsawonsa iyakar inda hannunta ya kai. Babu wanda ya motsa. Sai ta kifa goshinta a kan akwatin, kukan da ya yi watanni a ɗaure ya ɓalle, tana kiran sunansa na yarinta wanda ko Dufie ba ta taɓa ji ba, tana tambayarsa wa zai yi wanka da ruwan da ta ɗora. Kuka ne da ba a koya, kowa a wurin ya san haka. Matan da suka zo da niyyar duba idonta su ne suka fara rushewa, babbar ƙanwar nan ma ita ta riƙe ta don kada ta faɗi.

Nana ya dubi kwalbar da ke hannunsa. Ya zuba a ƙasa, amma bai yi tambayar da aka zata ba. Ya ce wa mamacin sun gane, ya tsaya ne matarsa ta zo ta tarye shi, to ga ta ta zo, sai a ƙarasa gida.

Masta ya mayar da kwalin bayan kujera. Boadu ya sauke mayafinsa daga kafaɗa ya ɗaure a ƙugu, ya kafa kafaɗarsa a bayan motar, direbobi suka zo suka kama. Suka tura ta har ta fita daga kwanar, inda hanya ta ɗan kwanta. Dufie ta sa giya ta saki kuloci, injin ya kama. Ta bi a hankali, diddige a kan totur, uwarta tana tafe a gefe da hannu a kan akwatin, har ƙofar gida.

Da aka sauke shi aka shiga da shi, Dufie ta zaga bayan ɗaki don ta sami inda za ta zauna ita kaɗai. Ta tarar da tukunyar tana kan murhu, ruwan ya tafasa har ya kusa ƙonewa. Ta naɗe hannu da gefen zane ta sauke ta, sannan ta je ta cire tawul ɗin daga kan igiya.